Ƙayar da Eulalia Ba Ta Gani Ba

Eulalia Barraza ta zo garin San Pedro na bakin teku tana budurwa, daga wani ƙauye a Sinaloa, ta biyo yayarta. Ba ta yi mako a garin ba aka ba ta farar riga da farar hula, ta shiga jirgin fito tare da sauran mata zuwa tsibirin Terminal, inda masana'antun kifin gwangwani suke jere a bakin ruwa. Ni a lokacin aikina tura amalanken dafaffen kifin tuna daga ɗakin dahuwa zuwa teburan mata. Aikin da na yi ke nan har na tsufa, shi ya sa na san ta tun gashinta yana baƙi wuluk.

Lala muke ce mata. Gajeriya ce, har sai da aka saka mata katako a ƙarƙashin ƙafa kafin ta kai tebur. Amma hannu gare ta. Idan na ajiye mata kifi, sai ta cire kai, ta kankare fata, ta raba shi huɗu, ta zare ƙashin baya, sannan ta bi tsokar da ƙaramar wuƙarta tana ɗebe jan naman da ke manne da farin. Farin na mutane ne, shi ake zubawa a gwangwani. Jan kuwa ana tura shi can ƙarshen ɗaki, teburin da ake haɗa abincin kyanwa. Kai da ƙashi a niƙa su a sayar wa masu kaji. Masu kamfani ba sa yarda ko ƙaya ta tafi a banza, don sun ce ribar gwangwani ɗaya ba ta fi ƙwayar gero ba, sai an tara da yawa.

Wadda take tsaye a gabanta, tebur a tsakaninsu, ita ce Vinka, doguwar mace, 'yar masuntan nan da iyayensu suka zo daga tsibiran Kuroshiya. Mijinta yana cikin jiragen da ke tafiya wata da watanni neman kifin tuna. Su biyun nan faɗa suke daga safe har yamma.

"Ke guntuwa, matsa da gwiwar hannunki, tebur ba na ubanki ba ne."

"To zangarniya, da na ubana ne ai da tuni na kore ki."

Haka suka haifi 'ya'ya, suka aurar da su, suka binne mijin Lala. Vinka ce ta riƙe ta a bakin kabari.

Matan teburi suna da wata al'ada da ba a faɗa da baki. Idan ɗaya tana da ciki, ko zazzaɓi, ko an kwana ana rigima a gidanta, na kusa da ita sai su riƙa zura tsokar da suka gyara cikin tirenta, don kada mai duba aiki ta ga ta yi baya. Ba a godiya, ba a ɗaga kai. Lala ta fi kowa yin haka.

Da shekaru suka ja, abubuwa suka fara tsananta. Muna jin labarin an buɗe masana'antu a Samowa da Tailan, inda ladan ƙwadago bai kai namu ba. Wannan kamfani ya rufe, wancan ya rage mutane. A namu aka ce duk wadda hannunta ya yi sanyi, ko aka sami ƙaya a tirenta, ta san inda dare ya yi mata. A daidai lokacin ne farar yana ta fara rufe idon Lala.

Ita ba ta faɗa wa kowa ba. Vinka ce ta lura. Wata rana ina ajiye kifi ta riƙe min hannun riga, ta ce ƙasa-ƙasa, "Anselmo, daga yau manya-manyan za ka riƙa kai wa guntuwa. Ƙananan ka kawo min."

Na gane. Babban kifi ƙayarsa babba ce, yatsa ma yana jin ta. Ƙananan kuwa ƙayarsu kamar gashi take. Ban da wannan, duk tsokar da Lala ta ajiye a tire, kafin na ɗauka sai Vinka ta miƙa dogon hannun nan nata ta shafa, ta tsince abin da ya saura. Matan gefe da gefe su ma suka shiga. Muka daɗe a haka, Lala tana ta cika baki cewa har yanzu babu mai kamo ta.

Ranar da 'yar Vinka ta haihu, Vinka ba ta zo aiki ba. A ranar kuma jirgin da ya sauke kaya ƙananan kifi kawai ya kawo, babu babba ko ɗaya da zan zaɓa. Matan gefe suka yi iya yinsu, amma hannunsu bai kai tsakiyar tiren ba. Kafin hutun rana sai ga Concetta, mai duba aikinmu, ta dawo da tire guda a hannu. Tare suka fara aiki da Lala, kuma ba muguwa ba ce. Ta ajiye shi a hankali.

"Yaya Lala, taɓa nan."

Lala ta sa yatsa. Ta zaro ƙaya, ta sake zaro wata. Ta kai tsokar kusa da fuskarta har tana taɓa hancinta, sannan ta ajiye.

"Wannan ba nawa ba ne," ta ce. Sai ta juyo wajena. "Anselmo, kai ba ka ƙarya. Tun yaushe kuke rufa min asiri?"

Na ce, "An kwana biyu, Lala."

"Duk teburin?"

Na gyaɗa kai. Ta goge wuƙarta a jikin riga, ta daɗe tana gogewa. Concetta ta ce za ta iya kau da kai yau, gobe Vinka za ta dawo, komai ya koma yadda yake.

Lala ta ce, "A'a. Jikana gwangwanin nan yake ci da burodi. Ranar da Vinka ta yi mura fa? Yaron wa zai haɗiye ƙayar?"

"To ya kike so in yi? In na kai maganar sama, sallamarki za su yi."

"Akwai wuri a teburin kyanwa?"

Mata suka kalli juna. Teburin nan sabbin shiga ake kaiwa, da waɗanda aka ga ba su iya ba. Ladansa bai kai ba, ƙarninsa ya fi, kuma duk wadda ta bi ta wajen sai an yi mata kukan mage. Lala da kanta ta sha yi wa mutane. Amma a can niƙa naman ake yi, ido ba ya da wani aiki.

Concetta ta ce akwai. Lala ta sunkuya ta ɗauki katakonta, ta rungume shi, ta bi tsawon ɗakin nan a hankali, ta wuce tebur bayan tebur. Babu wadda ta yi kukan mage.

Washegari Vinka ta shigo da hoton jaririya a aljihu. Ta tarar da wata a gabanta. Ta saurari abin da ya faru, sai ta tattara wuƙarta ta nufi ƙarshen ɗaki. Na bi ta da amalanke kamar ina da abin kaiwa.

Lala ta ji takunta tun kafin ta iso. "Me ya kawo ki nan, munafuka? Kin mayar da ni abin tausayi a gaban yara."

"Tausayin wa? Ni kunyar aikinki nake ji, shi ya sa nake gyarawa."

"Koma wurinki. Nan ladan kaɗan ne, ga ki da sabuwar jika."

"Waccan da aka sa a gabana ba ta iya zagi ba. In na ce mata ta matsa, sai ta ce in yi haƙuri. Haka zan wuni?"

Lala ta ce, "To nuna min yarinyar. Kawo kusa, ke ma kin san ba na gani."

Vinka ta ɗora mata hoton a tafin hannu. Lala ta kai shi dab da ido, ta juya shi wajen haske.

"Allah ya raya. Amma doguwa za ta yi, kaico."

A teburin nan suka ci gaba da aiki, suna fuskantar juna, har ranar da aka rufe masana'antar.