Rabin Saniya a Jikin Sanda

Shekarar da gero ya ƙone a ƙauyenmu Tsamaye tun bai fidda kai ba, ni ina Sabon Birni ina fama da ɗan injin sassaƙa da na harhaɗa da hannuna, wanda kwamfuta ke tuƙawa. Na ƙara masa ƙarfen da ke juya itace kamar mai gasa masara. Abin da ya rage shi ne manhajar da za ta nuna wa wuƙar inda za ta bi.

Manhaja mai tsada ta san sanda zagayayya ce. Mai araha kuwa a shimfiɗe take zane, sannan ta naɗe shi jikin itacen kamar tabarma. Na leƙa rumbunmu, na zaɓi mai araha.

Wani dattijo makiyayi daga Tozai ya kawo sandarsa, ya ce in zana masa shanu suna zagaye ta. Aiki ya yi kyau, sai dai wurin da bakin zanen biyu suka haɗu, naɗin ya cinye cikin saniya ɗaya. Kai da ƙafafun baya suka manne, ba tumbi.

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, za ni sake maka wata."

Ya juya sandar a hankali, ya ɗora yatsa kan saniyar.

Ya ce, "Bar ta. Sauran shanun bara ne. Wagga kaɗai ta yi kama da nawa na bana."