Inuwar da Ta Bi Tsawon Kabarin Ya'u

Lukuman mutumin Kara ne, amma a Gwarzo aka fi saninsa, inda yake gadin wata makarantar firamare. Ba sha'awar kaki ce ta kai shi soja ba. A shekarun tsuke bakin aljihu aka sallame shi daga masaƙa a Kano, shi da abokinsa Ya'u ɗan Durun, suka rasa abin yi, suka je aka ɗauke su rana ɗaya. Tare kuma aka tura su Laberiya kwantar da tarzoma.

Lukuman ya dawo da ɗingishi da hotuna a cikin gwangwanin alewa. Ga su nan suna dafa rogo a hular kwano, ga Ya'u yana yi wa wani aski da reza a gindin mota. Idan yana nunawa yakan ce harsashi bai dame su kamar ruwan sama ba, wanda kan yi kwana huɗu bai ɗauke ba har yatsun ƙafa su ruɓe a takalmi.

A irin wannan ruwa aka harbe Ya'u. Lukuman ya ƙi yarda a jefa shi rami ɗaya da sauran. Ya haƙa masa kabari shi kaɗai a cikin kurmi, ba rana, ba wanda zai tambaya. Ya kintaci gabas, ya kwantar da shi. Washegari da hantsi gari ya washe, wani ya ɗauke shi hoto a tsaye kusa da kabarin.

Shekara bakwai yana alfahari da wannan hoto. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ana ta karantarwa a masallatai, ya zauna darasin jana'iza, ya koma gida ya ƙura wa hoton ido. Kabarin da ya fuskanci alƙibla, inuwar hantsi gitta shi take yi. Tasa inuwar tsawon kabarin ta bi. Ashe ba gabas ya juya fuskar Ya'u ba.

Ya kai maganar wajen malamai biyu a Gwarzo, ɗaya a Kabo. Duk suka ce niyya ake dubawa, babu laifi a kansa. Ya yi godiya, amma abinci ya daina shiga. Damuwarsa Gwaggo Asta ce, mahaifiyar Ya'u, wadda duk Sallah idan ya je gaishe ta sai ta sa masa albarka, ta gaya wa maƙwabta cewa nata ɗan an binne shi kamar Musulmi.

Ranar wata Laraba ya hau keke zuwa Durun. Ya tarar da ita tana ɓarzar gyaɗa da lalube, don idon ya tafi. Bayan doguwar gaisuwa ya faɗa mata komai, bai rage ba.

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Can ta ce, "To ɗan nan, kwana nawa ne tafiyar? Sai ka koma ka gyara masa kwanciya."

"Gwaggo, ko sunan wurin ban sani ba."

Ta ture ƙwaryar gyaɗar gefe, ta laluba bango ta miƙe, ta shige ɗaki. Lukuman ya zauna a tsakar gidan har aka kira La'asar, ba ta fito ba.