Kawu Ya Riƙe Mini Tsani

Ni ba ɗan banza aka haife ni ba, kuma ba yunwa ce ta sa ni sata ba. Ku fara sanin wannan, ku samarin da za ku karanta labarin nan, kada wani ya ce shi gidansu da tarbiyya, abin ba zai kai gare shi ba. A zangon Sokode na tashi. Mahaifina ya rasu ina rarrafe, sai ƙanen mahaifiyata, Kawu Isifu, ya ɗauke ni. Allah bai ba shi haihuwa ba, don haka shi da matarsa Inna Azumi suka juye mini duk son da suke da shi. Kawu maigadi ne tun da na san shi. Bai yi boko ba, bai tara komai ba sai suna. A zango in ana musu kan wata magana, aka ce Isifu ne ya faɗa, to musu ya ƙare.

Shi ya kai ni koyon aikin lantarki, daga nan na koma saka kamarorin tsaro. Ba yabon kai ba, hannuna ya faɗa. Wadda na fi ƙwarewa a kanta ita ce kamara mai juyawa, wadda take kamar ƙaramin kwano a kife da murfin gilashi. Tana waiga hagu da dama, ta ɗaga kai ta sunkuyar, ta jawo abin da ke nesa har ka karanta lambar babur daga tsallaken titi. Kawu bai taɓa gane yadda take aiki ba, amma in ya zauna a majalisa sai ya ce, “Ɗana injiniya ne, idanu yake sa wa bango.” Mutane su yi ta dariya, ni kuma kaina ya yi ta kumbura.

Abin ya fara ne da ɗan ƙaramin abu. In na gama aiki, ƙa’ida ita ce in miƙa wa mai shago lambar sirri ya canza ta da hannunsa. Yawancinsu ba sa canzawa, wasu ma cewa suke in riƙe musu don kada su manta. Sai na riƙa buɗe wayata ina leƙa shagunan mutane. Da fari don nishaɗi ne kawai: in ga wane yana gyangyaɗi a kan kantar shagonsa, wane yana ɓoye tsire don kada maƙwabci ya gani. Na ce wa kaina ai kallo ba sata ba ne.

Akwai wani da muke shan shayi tare, ana ce masa Dogo, mai tuƙa babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Wata rana na nuna masa wayar don mu yi dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, “Kai, kana zaune a kan arziki kana wasa. Ka faɗa mini lokacin da mai shagon nan ke fita cin abinci kawai, sauran ba ruwanka.” Na faɗa masa. Bayan kwana biyu ya cusa mini wani abu a aljihu, na karɓa ban tambaya ba. Na yi sau ɗaya, na yi sau biyu, har na daina jin faɗuwar gaba. An ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma ni a lokacin daɗi kawai ya buɗe mini.

Ana nan sai Kawu ya samu gadi a Dapaong, wurin wani ɗan kasuwa, Alhaji Bukari, mai sayar da shadda da atamfa dila-dila. Ya tafi ya bar Inna a Sokode, yana zuwa lokaci-lokaci. Wata rana ya kira ni, muryarsa cike da murna. “Ɗana, Alhaji na son kamara a magaza. Na ce mishi kar ya kira kowa daga Lome, ina da gwani a gida. Ka zo ka fidda ni kunya.” Magaza shi ne babban ɗakin ajiyar kaya, haka ake ce masa a can. Ban ma bar Sokode ba sai da na gaya wa Dogo. Ya ce yana da mutane a can, in je in duba masa hanya.

Magazar tana manne da gidan Alhaji. Tana da babbar ƙofa ta bakin titi, da wata ƙarama a lungu. Dab da ƙaramar, taku biyu ko uku, akwai ƙofar da matan gidan ke shiga da fita. Na zaɓi kusurwar ginin, can sama inda hannu ba ya kaiwa, inda kamara ɗaya za ta ga titi da lungun duka. Kawu ne ya riƙe mini tsani. Na huda bango wuri huɗu, na ɗaure ƙarfen da zai riƙe ta, na zura waya ta cikin bututu don kada ɓera ko ruwa su taɓa ta. Waya ɗaya ce ke kai mata wuta ta kuma kawo hoto. Ina sama yana ta yi mini faɗa: “A hankali! In ka faɗo me zan gaya wa Azumi?” Da na rufe gilashin na goge shi da tsumma mai laushi, sai kamarar ta juya da kanta tana gwada wuyanta. Kawu ya ja da baya yana salati, ya ce wannan abu ta fi shi iya gadi.

Muka zauna da Alhaji gaban allon da ke nuna hoton kamarar, na saita masa wuraren tsayawa. Na ɗaya babbar ƙofa, na biyu bencin Kawu, na uku lungu. Na sa ta riƙa zagayawa tsakaninsu, ta ɗan tsaya a kowanne sannan ta wuce, in kuma an juya ta da hannu aka bari, ta koma zagayenta. Da ta kai lungu, wata daga cikin matan gidan ta fito da kwano a kai, ta bayyana a allon sarai. Alhaji ya ɓata rai. Ya ce, “A’a. Wannan bai yi ba. Ba na son iyalina cikin na’ura, kowa ya zo ya kalla.” Na ce masa akwai magani. Kamarar tana da wani saiti na sutura: ka zana murabba’i a kan wurin da ba ka so a gani, sai ya zama baƙi ƙirin, ko ta juya ko ta jawo hoto, baƙin yana nan a kan wurin. Na zana shi daidai ƙofar mata. Alhaji ya ji daɗi, ya sa mini albarka, Kawu yana tsaye a baya yana murmushi.

Washegari kafin in hau mota, na shiga saitin ta wayata. Na kama gefen baƙin nan na ja shi kaɗan zuwa hagu, har ya haɗiye ƙaramar ƙofar magaza da bakin lungun. A allo bai fi faɗin yatsa biyu ba. Na gaya wa Dogo su zo ranar Juma’a lokacin huɗuba, don na san Kawu ba ya rasa jam’i, wurin zai zama ba kowa. Na ɗauka na yi dabara, kaya za su tafi, Kawu yana masallaci da shaidu ɗari.

Abin da ban sani ba, a ranar sababbin kaya sun iso daga Sinkase, Alhaji ya roƙi Kawu ya tsaya ya yi azahar a bakin aiki. Na ga hoton daga baya, kuma har gobe ina ganinsa. Kawu yana zaune a benci da carbi. Ya ji motsi, ya miƙe, ya duba hagu ya duba dama, ya taka ya shiga cikin baƙin. Shi ke nan. Kamara ta ci gaba da zagayenta, titi, benci, lungu, ba abin da ta gani. A cikin baƙin nan mutanen Dogo suka buge shi a ka, suka zare makulli daga aljihunsa, suka buɗe ƙofa suka kwashe dilolin. Bayan kusan rabin awa sai ga shi ya fito yana layi, jini a wuyan rigarsa.

Aka kira ni daga Sokode in zo in buɗe hoton gaban jandarmomi, wato jami’an tsaron can. Kawu yana zaune a ƙasa da rawanin bandeji, da ya gan ni sai fuskarsa ta washe. Ya ce, “Alhamdulillahi, ga ɗana ya zo. Ku bari ya buɗe, kamara za ta wanke ni.” Na buɗe. Kowa ya ga ya duba hagu da dama kamar mai tsoron a gan shi, ya shiga inda ba a gani. Kwaɗo ba a fasa ba, da makullinsa aka buɗe. Alhaji ya tambaye ni me ya sa baƙin ya rufe ƙofar magaza. Na ce, “Alhaji, ai kai ka ce a rufe, ƙofofin ne suka yi kusa da juna.” Ya bar maganar, don bai san aikin ba. Wani jandarma da Hausarsa ba ta nuna ba ya ce, “Wane ya sani wurin nan kamara ba ya gani?” Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, “Ni na sani, ina nan aka yi. Amma yaron nan ku bar shi, ni na kawo shi, aikinsa kawai ya yi.” Da bakinsa ya ɗaure kansa don ya kwance ni. Ni kuwa ina tsaye ina kallo aka sa shi a mota.

Wata huɗu yana tsare. Labari ya riga ni isa zango. Inna ta daina zuwa suna da biki. Sau ɗaya na je ganinsa, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ya kama hannuna ya ce, “Ɗana, kai gwani ne. Ba yadda za a kankare baƙin nan a ga abin da ke ƙarƙashi?” Na ce masa babu, abin da aka rufe kamara ba ta ɗauka tun farko. Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa masa. Ya gyaɗa kai ya ce to Allah ya gani, ya tambaye ni ko na ci abinci.

Ina so in ce muku ni na kai kaina, amma ƙarya zan yi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ɗan Alhaji ya kawo wani ma’aikaci daga garin Kara ya ƙara kamarori, shi kuma ya buɗe tarihin na’urar, inda take rubuta duk canjin da aka yi mata. Ya ga an faɗaɗa baƙin kwana ɗaya bayan an miƙa aiki, da lambata, daga wayata. Aka kama ni, na ambaci Dogo, aka kama shi.

Kafin a gama takardun sakin Kawu, mun yi mako guda a gidan yari ɗaya. Wannan makon ya fi mini duk shekarun da suka biyo baya tsawo. Bai zage ni ba. Na so ya zage ni, ya mare ni gaban mutane, bai yi ba. In an tsaya salla sai ya matsa ya ba ni wuri a sahu. Ranar da zai fita ya naɗe tabarmarsa ya ajiye a gabana, ya ce, “Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da nake riƙe maka tsani, ka riga ka shirya?” Na ce e. Ya ce, “To.” Ban sake ganinsa ba.

Shekara uku na yi. Na tuba, na yi kuka har hawaye suka ƙafe, na haddace abin da zan faɗa masa in na fito. Da aka sake ni na hau mota zuwa Sokode, na tarar ya rasu wata biyar da suka wuce, Inna ta hana a gaya mini. Na durƙusa a gabanta. Ta ce, “Tashi. Ya yafe maka, ya ce in faɗa maka, kuma na faɗa.” Na tambaye ta ko mutane sun gane ba shi da laifi. Ta ce, “Sun gane. Alhaji da kansa ya zo har nan ya ba shi haƙuri. Shi ne bai warke ba. Tun da ya dawo, in aka ce wani abu ya ɓace, ko a masallaci ko a gidan suna, ko cokali ne, sai ka ga ya miƙe tsaye yana zazzage aljihunsa, ba wanda ya tambaye shi. Tsoho da furfura, gaban yara. Haka ya yi ta yi har ya koma ga Allah.”

Yanzu ina gyaran fanka da dutsen guga a bakin kasuwa, ina ciyar da Inna da abin da ya samu. Samari, ku ji ni da kyau. Duk wanda ya ba ku lambar sirrinsa, amana ya ba ku, ku miƙa masa abinsa ku kau da ido. Kada ku ce leƙe ne kawai, ni ma da leƙe na fara. Kuma kafin ku yi abin da kuka san ba daidai ba, ku tuna da wanda ya tsaya muku ya ce ɗansa ne ku, don shi za a fara kamawa. Ni na yi zamana na fito, an ce na biya. Kawuna bai saci ko allura ba, amma ya mutu yana nuna wa mutane aljihunsa.