Mai Neman 'Yar Mahauci

A bakin titin Kanvili, wajen Tahidu mai cicinga, wato tsire, wani dogon mutum yana tsaye da tsinken nama, ya riƙe shi nesa da jikinsa kamar an ba shi jaririn maƙwabta. Kansa ya sha sabon aski, rigarsa ta sha guga. Ya kai tsinken baki, ya fasa, ya shinshina, sai ya kwashe da dariya shi kaɗai.

"Maigida, ci mana, zai huce," in ji Tahidu.

"Ɗan'uwa, shekara sha ɗaya rabona da nama! Daga wake sai ganye. Amma gobe zan je gaida baban yarinyar da nake nema, kuma mahauci ne. In ya ajiye min kwano na ce ba na ci, ai na rasa Suhuyini."

"Ashe gwaji ka zo yi."

Ya runtse ido, ya yagi tsoka. Yaji na zuba a rigar, bai ma kula ba. Kafaɗunsa na rawa, ƙafarsa na buga ƙasa, har wani mai babur ya rage gudu yana kallo.

Ni dai da nake gefe ina jiran nawa tsiren, ban yarda da labarin duka ba. In gwaji ne, tsinke ɗaya ya isa. Ina zargin ya daɗe yana wuce hayaƙin nan yana haɗiyar yawu, yana neman uzurin da ba kunya a ciki, sai Allah ya jefo masa 'yar mahauci.

Ga shi can, da tsinke na huɗu yake nuna cinyar zabo.

"Tahidu, miƙo wancan ma. Wa ya san abin da surukina zai yanka?"