Maharazu da Masu Zuwa Dubiya

A unguwarsu da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Funtuwa, har gobe wasu Maharazu na gurza suke ce masa, ko da yake kamfanin gurzar audugar da ya yi wa aiki ya daɗe da rufe ƙofa. Ɗan manoma ne daga wani ƙauye a ƙasar Bakori. Shi kaɗai ne a gidansu ya yi boko har jami'a, ya dawo ya kama aikin kula da sito a kamfanin. Da auduga ta ja baya aka sallame su, bai zauna jiran kowa ba. Ya buɗe ɗan shagon iri da taki, ya riƙa hawa babur yana bin kasuwannin ƙauye.

A kan babur ɗin ƙaddara ta same shi. Ranar kasuwar Bakori, yana dawowa da la'asar, wata motar masara ta kauce wa rami ta kwashe shi. Ƙafarsa ta dama ta karye a cinya da ƙauri. A asibiti aka yi masa aiki aka sa ƙarfe, likita ya ce ya kwanta, kada ya kuskura ya taka sai an ga abin da hali ya yi.

Matarsa Hansai ta sa aka kai katifarsa ɗakin da ke zaure, don masu dubiya su riƙa shiga ba sai sun ratsa cikin gida ba. Makonnin farko ba su yi daɗi ba. Mutumin da bai saba wuni a wuri ɗaya ba, ga shi sai an ɗaga shi an kwantar. Ya rage cin abinci, ya koma faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Hansai ta yi ta haƙuri. Ta san tun suna amarci yake maganar zai koma ya yi digiri na biyu, kullum ana cewa sai baɗi. Wata safiya tana ajiye masa koko ta ce, "Malam, kullum cewa kake lokaci ne ba ka da shi. To ga shi ya zo, har ya yi maka yawa."

Maganar ta ɓata masa rai, ya juya fuska bango. Amma washegari ya ce ta miƙo masa wayarsa. Ya yi ta lalube har ya samo wata jami'a da ke koyar da digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci ta intanet, ba sai ɗalibi ya je aji ba. Ya sayar da abin da ya rage na babur ɗin, Hansai ta haɗa da kuɗin ragunanta aka biya kuɗin makaranta, ƙaninta ya ara masa tsohuwar kwamfuta.

Bayan sallar asuba yake karatu, lokacin da sabis ke da ƙarfi, kafin masu ƙosai su fito. Abokan ajinsa yawanci ma'aikatan banki ne da na kamfanoni daga Legas da Fatakwal, Turanci kamar ruwa, shi kuwa nasa ya yi tsatsa. Sai ya saurari darasi ɗaya ya maimaita ya sake maimaitawa kafin ya zauna masa. A zangon farko ya faɗi darasin akanta, don ana tsakiyar gwaji hadari ya taso, sabis ya ɗauke, bai dawo ba sai da lokaci ya ƙare. Ranar ko tuwo bai taɓa ba. Da zangon ya zagayo ya sake ɗaukar darasin, ya ci.

Tun yana kwance ya fara tunanin binciken da zai kammala karatun da shi. Abin da ya daɗe yana ci masa rai shi ne yadda manoma ke zubar da masara da waken suya da kaka a kan araha, damina ta yi su dawo suna sayen hatsin da tsada. Malamar da ke duba aikinsa, wadda bai taɓa gani ido da ido ba, ta ce batun yana da kyau, amma sai an shiga ƙauyuka an ji ta bakin manoma. Ta ba shi shawarar ya sauya wani da zai iya yi daga gado.

Maharazu ya dubi takalman da ke zube a bakin ƙofarsa, ya ga ai ƙauyukan ne ke zuwa wurinsa. Ba ranar da za ta wuce ba a zo dubiya ba: 'yan uwa daga Bakori, masu sayen takinsa daga wajen Malumfashi, wani da ƙwai, wani da rake. Daga nan duk wanda ya gama yi masa sannu da jiki, sai ya nemi izininsa, ya kunna waya tana ɗaukar murya, ya fara tambaya. Yaushe ka sayar bara? Me ya hana ka ajiyewa? Matan da suka wuce cikin gida kuwa Hansai ke rako su. Abokinsa Alhaji Maiwada, babban dillalin hatsi, ya riƙa tsokana a majalisa cewa duk mai zuwa gaida Maharazu ya ci ya ƙoshi tukuna, don jarrabawa zai zauna.

Da farko ya ɗauka buƙatar kuɗi ce kawai ke sa su sayarwa. Tana ciki, amma da amsoshi suka taru sai ga wasu abubuwan: ƙwari, ruɓewa, da tsoro. Wata dattijuwa Bamagujiya mai suna Laraba, wadda ta daɗe tana sayen iri a shagonsa, ta zo masa da kaza. Da ya tambaye ta, sai ta ce, "Hatsin da ke rumbu a ƙauye yanzu ba naka ba ne, Malam. Na wanda ya zo da bindiga ne. Gara ka sayar ka huta." Bayan ta tafi ya sake sauraron maganarta a waya.

Jarrabawar ƙarshe a Kaduna aka yi ta, ya je yana dogara sanduna biyu. Ƙafar ta warke, amma ta ɗan gajarce, har yau yana ɗingishi.

Bai jira takardar shaida ba ya fara aiki da abin da ya gano. Ya tara manoman da ya yi hira da su, suka kafa ƙungiya, suka kama hayar wani tsohon sito a cikin gari. Kowa ya kawo hatsinsa a zuba a buhunan da iska ba ta shiga, in farashi ya ɗaga a sayar gaba ɗaya ga masu yin abincin kaji a Zariya. Shekarar farko kaɗan ne suka yarda, sauran suka ce sai sun gani. Alhaji Maiwada ya ga abin zai taɓa masa kasuwa, ya yi fushi, har gaisuwa ta yi sanyi tsakaninsu. Maharazu ya ɗingisa har gidansa, suka zauna a zaure suka yi magana ta fahimta. Yau motocin Alhajin ne ke kai kayan ƙungiyar Zariya.

Kwanan baya wata ma'aikaciyar jinya ta zo takanas daga Malumfashi, ta same shi a bakin siton ana sauke masara. Ta ce tana son irin karatun da ya yi, amma ga aiki ga yara, tana tsoron kada ta fara ta kasa. Bai ɓoye mata komai ba. Ya ce da wuya, akwai ranar da za ta ji kamar ta jefar da wayar a rijiya.

"Amma ki fara, Malama," in ji shi. "Ki samu sola ta yin caji ko ƙarama ce, ki kuma samu mutum ɗaya a gida da ba zai bari ki daina ba."

Ta yi godiya, ya rako ta har bakin titi ta samu mota.