Adurukun Hanyar Rafi

Shekarar da agana ta shigo Lafia ina da 'ya ɗaya, ta fara tafiya ke nan, tana dafa bango tana faɗuwa. Ita ce ta fari. A gidan mijina, waɗanda fatauci ya kawo kakanninsu daga arewa, ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a ma nuna an san da zamansa. Ni uwata Alago ce, a gidanmu ba mu san wannan kunyar ba, amma aure ya kai ni na koya. Na koya har ta zame mini jiki, kuma har gobe ina jin haushin wanda ya fara ta.

Da ƙurajen suka feso wa yarinyar, aka ce a fitar da mu bayan gari. Akwai wata 'yar hanya da ta tashi daga bayan unguwar Bukan Sidi ta gangara rafi, a gefenta aka kafa bukkokin masu ciwon. Kafin wannan shekarar babu hanyar da ake so a unguwarmu kamarta. Da la'asar samari su bi ta su je iyo, 'yan mata su je gaɗa a kan yashi, tsofaffi su ɗauki ƙugiya su zauna gindin mangwaro da sunan kamun kifi, su dawo da labari ba kifi. A kan hanyar nan mijina ya fara yi mini magana. Tela ne, mai sanyin hali, irin wanda in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri.

Ba a bar shi ya zo bukkar ba. Abinci a kan wani dutse ake ajiye mana, a yi gyaran murya, a juya da sauri. Wadda ta tsaya mana wata tsohuwa ce 'yar ƙabilar Eggon, ciwon ya taɓa kama ta tun tana yarinya ya ɓata mata fuska, don haka ba ta tsoronsa. Ranar da yarinyar ta cika, ni da tsohuwar muka haƙa ramin da fartanya. Ba liman, ba likkafani sai zanen goyona. Da muka rufe, tsohuwar ta karyo reshen aduruku ta ba ni, ta ce in soka a wajen kai, itacen nan duk inda aka soka shi sai ya kama. Haka take yi wa kowace uwa da ta binne ɗa a wurin. Na tsaya na duba hagu da dama don in riƙe wurin a kaina. Ga wani jan suri dab da ƙafafun yarinyar, ga kututturen kaɗanya a kwance, hanyar kuma ta yi kwana daidai nan don ta kauce wa surin.

Na koma gida hannu wofi. Mijina ya dube ni, ya dubi bayana inda goyo ya kamata ya kasance, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa. Bai tambaye ni inda aka sa ta ba. Uba ba ya tambayar ɗan fari, ko da rai ko ba rai. Na san yana kuka, don nakan ga zaren ya ƙi shiga allura, shi da yake zura shi ido rufe. Amma magana, ko ɗaya.

Dattawa suka hana bin hanyar rafi. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, daji ya haɗiye ta. Tsohuwar nan ta rasu. Sauran matan da muka zauna tare a bukkokin, wasu ciwon ya tafi da su, wasu baƙi ne sun koma garuruwansu. Ya zama a duk faɗin duniya ni kaɗai na san inda 'yata take kwance, kuma abin da nake so a rayuwata bai wuce in kama hannun ubanta in kai shi wurin, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'ar da ba a yi mata ba.

Da kaka ta yi, samari suka gaji da zaman gida, suka je wa mai unguwa da roƙon a bar su su buɗe hanyar. Aka yarda, aka sa ranar gayya. Wanda ya ɗauki ragamar aikin wani tsohon soja ne daga wajen Kwandere, kowa Kofur yake ce masa. Mutumin kirki ne, ba na ɗora masa mugunta, sai dai tun da ya dawo daga bariki ba ya iya ganin abu a karkace ya ƙyale shi. Ko kunyar doya a gonarsa da igiya yake jan ta. Ya raba aikin biyu: mutanen gari su fara daga sama, samarin gona na wajen su Kofur su fara daga bakin rafi, kowane ɓangare da makaɗinsa, a ga waɗanda za su riga isa tsakiya. Mata kuma mu dama kunu, mu bi bayan maza da tsintsiya muna tara ciyawa.

Da na ji labarin na yi murna irin wadda na manta da ita. Kafin rana ta faɗi murnar ta koma tsoro, don na san yadda namiji yake da adda a hannu in ana yi masa kiɗa. Ba ya duba abin da ke gabansa.

Na sami mijina a zaure shi kaɗai, na durƙusa daga bakin ƙofa.

Na ce, "Malam, jibi za a sa adda a hanyar rafi. Akwai aduruku a wajen kwana, kusa da jan suri."

Ƙafarsa ta tsaya a kan keken. Ya gane.

Ya ce, "Zan gaya wa Kofur."

Na ce, "Ka gaya masa har da dalili."

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Daga baya na ji yadda aka yi. Ya je ya sami Kofur a cikin taron maza, ya ce don Allah kada a kashe aduruku ko ɗaya a hanyar. Kofur ya ce na magani ne? Ga ƙanin mahaifin mijina zaune, ga abokan wasansa, duk sun zuba masa ido. Sai mijina ya ce a dai bar su da rai. A lissafinsa, kwanar tana cikin rabon mutanen gari, shi da kansa zai kasance a wurin ya tsare ta, ba sai ya buɗe baki ya ambaci ɗan fari a gaban manya ba.

Ranar gayya tun da hantsi aka fara. Gamba ta fi tsayin mutum, tofa tana yankar ƙafa, ga ƙaya ta sarƙe ko'ina. Mutanenmu kuwa su wa? Teloli, masu tireda, dukawa, mutanen da hannunsu ya saba da almakashi da mudu. Kafin rana ta yi zafi tafin hannun kowa ya yi bororo. Wani mai sayar da turare ya ga maciji ya jefar da addar ya haye bayan makaɗi, aka yi ta yi masa dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi dariya ba. Ina shara ina kasa kunne ga gangar da ke tahowa daga rafi, kuma ina jin tana matsowa fiye da yadda ya kamata.

Da muka ƙara gaba muka fara tarar da abin da bukkokin farko suka bari. Fasassun tukwane, ruɓaɓɓiyar tabarma, murhun duwatsu da ciyawa ta tsiro a tsakiyarsa. Wata ta sa tsintsiya ta turo wani ɗan ƙoƙo, irin wanda ake ba yaro ruwa da shi. Waƙar da matan suke yi ta mutu. Kowa ya ja gyale ya rufe hanci, aka tara komai wuri ɗaya aka cinna wuta, ba wanda ya ambaci sunan ciwon. Mijina yana can gaba yana sara kamar wanda aka biyo, rigarsa ta jiƙe sharkaf, jini yana bin ƙotar addarsa. Ban taɓa ganinsa yana aiki haka ba. So yake ya isa kwanar kafin kowa.

Bai isa ba. Samarin gona da adda aka haife su. Sun kai tsakiya tun kafin azahar, suka ga ba kowa, suka ce bari su taimaki 'yan gari, suka ci gaba da haurowa cikin rabonmu suna ihu suna yi mana waƙar raggaye. Can sai ciyawar da ke gabanmu ta faɗi, muka gan su, suka gan mu. Aka yi ta guɗa.

Na ajiye tsintsiya na ratsa ta cikin maza, abin da ban taɓa yi ba. Abin da na gani hanya ce fetal, mai faɗi, miƙaƙƙiya tun daga inda nake har ana hango hasken ruwa. Ga turaku an kafa, ga igiyar Kofur a ɗaure. Babu kwana. Babu suri, sun farfasa shi sun baza jar ƙasarsa a kan hanyar sun daɓe, don ƙasar suri ba ta yin laka. Kututturen kaɗanyar an faskare shi an tara itacen gefe don mata su kwasa. A hannun dama kuwa ga aduruku a jere, tazararsu ɗaya, kowanne an yi masa ɗan kwarmi a gindi an zuba ruwa.

Kofur ya taho yana share zufa, fuskarsa cike da fara'a.

Ya ce, "Uwargida, kin gani? Mijinki ya ce kada a kashe shi, ba mu kashe ko ɗaya ba. Suna nan warwatse, wani a tsakiyar hanya, wani a cikin daji, babu oda. Na ce yara su tona shi da saiwa, a sa shi a layi. Zai kama, wallahi. Shekara biyu za ki ga inuwa."

Na ce, "Baba Kofur, wanda yake kusa da surin, daga ina aka cire shi?"

Ya ce, "Wane suri? Suri uku muka fasa."

Na ce, "Ja. Kusa da kwana."

Ya waiwaya ya kira wani saurayi ya tambaye shi da yarensu. Saurayin ya dubi hanyar sama da ƙasa, ya nuna wani wuri, ya sake nuna wani can gaba, sannan ya buɗe hannuwa. Ramukan da suka cire itatuwan duk sun cike su sun daɓe, don kada wani ya karye a ciki. Aiki suka yi mai kyau, ba su bar komai ba.

Kofur ya ga fuskata, fara'arsa ta ɗauke.

Ya ce, "Uwargida, mene ne a ƙarƙashin itace ɗin?"

Na ce, "'Yata."

Ranar na fara faɗin kalmar nan a gaban mutane, kuma da ƙarfi na faɗe ta, har makaɗin ya tsaya. Na ce 'yata ce, da 'ya'yan wasu, kowane itace a kan kabarin yaro yake. Kofur ya cire hularsa ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce a wajensu duwatsu ake jerawa, da ya ga duwatsu da bai bari an taɓa ba, aduruku kuwa shinge suka san shi da shi. Ya yi ta cewa me ya sa ba a gaya masa ba. Ƙanin mahaifin mijina ya kau da kai, ban sani ba ko don tausayi, ko don surukarsa ta yi rashin kunya.

Na bi hanyar nan ina dubawa kamar wadda ta yar da allura. Na je, na dawo, na durƙusa na shafa ƙasa ko zan ji inda ta fi taushi. Ko'ina ja, ko'ina daɓe. Na nemi bishiyoyin da ke nesa ko za su tuna mini, amma wancan lokacin ta cikin ciyawa da hawaye na gan su, yanzu kuma fili ya buɗe duk sun sauya mini. Wuri ɗaya zuciyata ta ce nan ne, na matsa kaɗan ta sake cewa nan ne. Na ji tsoron da ban ji ba ko ranar da na binne ta.

Mutane suka watse a hankali, kunun ma ba a sha ba. Yara kuwa ba ruwansu, tun kafin la'asar sun ji an buɗe hanya, suka kwararo a guje suna tsere zuwa ruwa, ƙafafunsu suna dukan sabon daɓen. Na buɗe baki in tsawata musu, ban san daga ina zan ce su kauce ba.

Mijina ya zo ya tsaya kusa da ni, addar tana hannunsa har yanzu. Sannan, da muryar da da ƙyar na ji, ya kira sunan yarinyar, cikakke, karo na farko tun ranar suna.

Ya ce, "Ina take?"

Na ce, "Malam, ko kana tsaye a kanta, ko ba ka tsaye a kanta. Ban sani ba."

Ya dubi ƙasa. Ya sunkuya ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya ɗaga ƙafa ɗaya zai matsa, ya rasa inda zai ajiye ta.