Kunnuwan Shugaban Faransa

Duk sa'ad da na ji ƙaurin ƙwarya da aka ɗora wa ƙarfe mai zafi, sai in ga kakata ta wajen uba zaune a gindin rumbu, a ƙauyenmu na ƙasar Dungas, wuƙaƙen zanenta sun yi ja cikin garwashi. Bayan girbi, idan duma ya bushe, ita ke fafe shi ta kankare, ta bi bayansa da zanen ƙadangaru da taurari da sawun kaza.

A lokacin ban san ubana ba. Ina goye aka ɗebe shi soja, a shekarun babban yaƙin Turawa. Yaƙi ya ƙare, 'yan Yekuwa da na Mallawa da aka tafi da su tare suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, shi kuwa shiru, har na yi famfara. Dattawa suka fara zancen a yi masa sadaka, innata ta shiga takaba. Kaka ta ce ba a gidanta ba. Da yake ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa. "Mutumin nan" take cewa.

Wata rana wani tsohon soja ɗan Waca ya biyo sayen ƙore. Ta ba shi fura, sannan ta tambaye shi, "Wai wa ke riƙe da 'ya'yan mutane a can?"

"Iya, shugaban Faransa ne. Yana sama da kumandan, yana sama da gwamna."

"Ka gan shi?"

"Hotonsa na gani a biro, ofishin kumandan. Dattijo ne mai sanƙo, da wani ƙyalle rataye a ƙirji."

Kwana uku ta yi a kan ƙwarya guda. Da ta gama, ga mutum zaune a tabarma, kansa fes kamar ƙwai, ƙyallen nan ya koma ɗamarar layu. Ta yi masa tsage irin na garinmu a kumatu, da kunnuwa manya-manya kamar faifai. Matan unguwa suka yi ta dariya har da riƙe ciki, amma kowacce ta ce a yi mata tata. Kafin rani ya raba, shugaban ya zama yayi. Masu saƙar faifai suka sa shi a aikinsu, wani magini ya zana shi a bangon zaure bisa raƙumi, akwai ma wanda ya ba shi gemu da buta.

Ran kasuwar Magarya wani gardi, ɗan sandan Turawa, ya ga ƙwaryar a hannun dillaliya. Ya ƙwace, ya ce an yi wa hukuma ba'a. Aka aiko kiran Kaka. Gidanmu ya rikice da kuka, don mun san waɗanda aka kulle kan abin da bai kai wannan ba. Baffana ya roƙe ta ta bari ya je ya ce shi ya yi. Ta ce, "Kai da ko ludayi ba ka iya fafewa?" Ta hau jaki, ta ce a ɗora ni a bayanta.

A biro na fara ganin hoto a rayuwata. Na dubi na bango, na dubi ƙwaryar da ke kan tebur, ko sanƙon bai zo ɗaya ba. Kumandan ya juya ta a hannu, ya yi magana, tafinta ya ce, "Ana tambayarki, me ya sa kika yi masa kunnuwa haka?"

"Ranka ya daɗe, nesa yake. Da ƙanana ba zai ji mu ba."

"Tsagen fa?"

"Ni ba na yin mutum babu asali. Namu na ba shi, tunda ɗanmu yana wurinsa."

Tafinta ya daɗe yana juya maganar. Kumandan bai yi dariya ba. Ya tambaya me take so a ji. Kaka ta kamo kafaɗata ta turo ni gaba, ta ce, "Uban wannan."

Aka ce sai da suna, don a rubuta. Ta sunkuyar da kai. Can ta ɗago ta faɗi sunan ɗanta, da na ubansa, da shekarar da aka tafi da shi. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar, ban kuma sake ji ba. Aka sallame mu, ƙwaryar dai ba a dawo mana da ita ba.

Damina ta zo ta wuce. Ana cikin roron wake takarda ta iso: ubana yana raye, yana wani gidan jinyar sojoji a bakin teku, an rubuta sunansa da garinsa ba daidai ba tun farko. Da sanyi kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke shi a Dungas, amalanke ta ƙaraso da shi, ƙafa ɗaya da sanda. Gari ya fito, innata ta durƙushe a ƙofar ɗaki. Kaka ba ta tashi daga wurin aikinta ba. Cewa ta yi, "A ba baƙo ruwa," hawaye na ɗiga a zanenta. Da ya huta aka ba shi labari, aka kawo masa irin ƙwaryar daga maƙwabta. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Duk yaƙin da na yi masa, sai yau na ga fuskarsa."

Yanzu hotunan shugabanni sun cika atamfofi da wayoyi, yaro ma ya san kamanninsu, ƙwarya kuma roba ta kore ta. Ban cika jin haushin wannan ba. Bara rijiyarmu ta rufta, matan gari suka ɗunguma zuwa wurin magajin gari, jikata ce a gaba da takarda a hannu. Na bi su da sandata na tsaya a baya. Ta yi magana da bakinta, babu tafinta, muryarta ko rawa ba ta yi. Kafin azumi aka zo aka gyara rijiyar.